Tulun da Na Goya Zuwa Ƙasan Tabkin Bosomtwi

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo game da ni a unguwarmu ta Aboabo a nan Kumasi, tun kafin a haifi mafi yawanku, kuma na san kun ji ta ko da ba a gabana ba. Ana cewa ubanku ya taɓa bin dokar tsafin Tonawa, 'yan asalin yankin nan, ya shiga tabkinsu da izinin bokayensu. Waɗanda suka fara faɗin haka duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma tunda ƙarfina ya fara ja da baya, gara ku ji yadda abin ya faru daga bakin wanda ya shiga ruwan.

Saura shekara guda ƙasar nan ta sami mulkin kai. Ina da shekara talatin da 'yan kai, sana'ata haƙar rijiya, wadda na gada wajen babanmu. A lokacin gidanmu ɗaya da wana, Yaya Hamidu, wanda yake karantar da yara a zaure kuma shi ne babba tun rasuwar babanmu. A sashena akwai Habiba, uwar manyanku, da mahaifiyarta Mma Azumi, wadda ta dawo wurinmu bayan mijinta ya rasu, sai ƙanin Habiba, Sule. Sule saurayi ne mai yawan dariya, ya iya Tonanci kamar an haife shi a cikinsu. Fataucin kifi yake yi. Yakan tafi tabkin Bosomtwi ya kwana biyu ko uku a wani ƙauyen masunta, ya sayo banda ya kawo kasuwar Asawase. Ya saba da mutanen wurin har sukan ɗauke shi su shiga ruwa tare.

Kafin wannan shekara da kamar shekara biyu, wani Bature injiniyan ruwa ya ɗauke ni aiki. Ya gan ni ne a gindin wata rijiya mai gaba goma sha biyar ina waƙa, ya ce mutumin da zurfi da duhu ba su dame shi ba shi yake nema. Masta muke ce masa. Yana da kayan nutso da ya zo da su daga garinsu, yana duba ƙofofin madatsar ruwa da su, kuma shi ya koya mini. Tulu ne na iska da ake goyawa a baya, da mesa biyu da suke zagayowa zuwa wani abu da ake cizawa a baki, da gilashin rufe ido da hanci, da ɗamarar dalma don ta ja mutum ƙasa. Ranar da na fara shaƙar numfashi ruwa na saman kaina, na zauna a kan laka ina kallon kumfa tana tashi, ban san lokacin da na fara tasbihi a zuciya ba. Na taso na ce wa Masta ashe ɗan Adam zai iya zama inda Allah ya ajiye kifi. Ya yi dariya ya ce zai iya, amma a matsayin baƙo, kuma baƙon da aka ƙayyade wa lokaci.

Tuluna biyu ne a ɗakin ajiyarsa. Ɗaya na baƙin ƙarfe, fentinsa duk ya goge, shi ne wanda na koya da shi. Ya fi ɗaukar iska da yawa, kuma a cikin ruwa nauyinsa ba ya barin mutum. Daga farkon nutso har ƙarshe yana danne ka, ka zauna daram a inda kake aiki. Aibinsa guda ne, tsatsa, shi ya sa Masta kan kwance bakinsa lokaci-lokaci ya leƙa cikinsa da 'yar tocila. Ɗayan na alminiyan ne, irin farin ƙarfen da maƙeran Zongo, unguwanninmu na Musulmi, suke narkawa su zuba tukwane. Masta ya ce ragowar kayan yaƙi ne ya saya. Ba ya tsatsa, amma iskarsa ba ta kai ta wancan ba, ga shi kuma da wani hali. Yana cike yana da ɗan nauyi, iska na raguwa yana ƙara sauƙi, har idan ya kusa ƙarewa sai ya riƙa ɗaga mutum ta baya kamar ana jan sa da igiya. A wannan sana'a kuwa babu abin da Masta ya tsorata ni da shi kamar tasowa da sauri. Kullum sai ya maimaita mini cewa kada in riga ƙananan kumfar numfashina isa sama, kada kuma in riƙe numfashi ina tasowa. Saboda haka tulun alminiyan yana nan a jingine a kusurwa, sau biyu kawai na taɓa goya shi, a ruwan da bai wuce gaba uku ba.

Ranar wata Talata da hantsi wani masunci mai suna Kwaku ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Abokin Sule ne, mun san sunansa amma ba mu taɓa ganinsa ba. Ya tsaya a zaure ya ƙi zama, ya cire takalminsa, ya sauke zanensa daga kafaɗa kamar yadda suke yi a gaban manya. Ya ce jiya Sule ya bi su jefa raga, ragar ta maƙale a ƙasa, igiyarta kuma tana ɗaure a hannunsa, iska ta taso, gungumen itacen da yake zaune a kai ya juye, ruwa ya ja shi. Sun yi ta nutso har rana ta faɗi, da safe ma sun sake, amma wurin ya fi ƙarfin numfashin mutum. Ya ce a ƙasan wajen akwai matattun itatuwa a tsaye, a cikinsu yake, kuma muddin ragar na riƙe da shi ba zai taso ba.

Ba zan ba ku labarin kukan gidan ba. Abin da na fi tunawa shi ne Mma Azumi ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da carbi, ta kalle ni sau ɗaya, na gane abin da take nufi. Da rana na tafi wajen Masta. Na tarar yana farfaɗowa daga zazzaɓi, likita ya hana shi shiga ruwa, amma ya ce zai ba ni kaya ya kuma kai ni da motarsa. A nan Kwaku, wanda na tafi da shi, ya ɗora hannu a kan tulun da na saba da shi ya tambaya ko baƙin ƙarfe ne. Na ce shi ne. Ya janye hannunsa a hankali ya ce wannan ba zai shiga tabki ba. A al'adarsu baƙin ƙarfe ba ya taɓa wannan ruwa. Shi ya sa ba su da jirgi mai ƙusa, ba su da ƙugiya, a kan gungumen itace suke zama su tuƙa da hannu. Ya ce ko shi ya yarda dattawa ba za su yarda ba.

Masta ya ce akwai hanya biyu. Zai iya samo takarda daga ofis wadda babu dattijon da zai iya musa mata, in shiga da tulun ƙarfe. Ko kuma in ɗauki na alminiyan in je in roƙe su, su yarda ko su ƙi. Na tambaye shi idan shi ne wanne zai ɗauka.

"Isaka, idan ni ne, na ƙarfe zan ɗauka," in ji shi. "Gaba goma ba wasa ba ne, kuma aikin kwance raga yana cin iska. Amma bayanka ne zai goya shi, ba nawa ba."

Washegari bayan azahar muka zauna a tsakar gida, ni da Yaya Hamidu, matan kuma suna daga bakin ɗaki. Yaya ya yi magana mai tsawo, kuma ina so ku sani ba maganar banza ya yi ba. Ya ce ruwa halittar Allah ne, ƙarfe halittar Allah ne, babu wani abu a tabki da yake jin haushin ƙarfe. Ya ce duk Musulmin da ya ajiye abin da ya fi masa aminci don tsoron dokar gunki ya ba gunkin matsayi, ya kuma jefa ransa a haɗari a kan banza. Ya ce a karɓo takardar. Na ce masa ni ba tabkin nake tsoro ba. Na ce masa tabkin nan faɗinsa ya fi Kumasi, kuma babu wanda ya san inda Sule yake sai masunta. Idan muka sauka da takarda da ɗan sanda, za su tsaya a bakin ruwa su naɗe hannu, ba za su hana mu ba, ba kuma za su nuna mana ba. Ya ce takarda za ta sa su nuna. Na ce za ta sa su nuna wani wuri.

Gaskiya ita ce ba wannan ne kaɗai dalilina ba, sai dai shi ne wanda na iya faɗa a gaban Yaya. Na yi shekaru ina haƙa rijiya a gidajen mutane, na Musulmi da na Kirista da na masu gargajiya. Mai gida yakan ce kada ka taɓa itacen can, kada ka haƙa ran kaza, ban taɓa tambayarsa hujja ba, ban kuma taɓa jin imanina ya ragu ba. Ga mutanen da suka ciyar da yaronmu, suka yi kwana biyu suna jefa kansu a ruwa dominsa, ɗayansu ya hawo dutse ya zo har ƙofarmu ya sauke zane. Na kasa ganin yadda zan saka musu da ɗan sanda.

Habiba ta ce ita ta rasa ƙani, ba ta son ta rasa miji, in ɗauki duk wanda zai dawo da ni. Da ta faɗi haka na san na ƙarfe take nufi, na kuma san tana da hujja, don a lokacin tana goyon 'yarmu Ladi. Yaya ya juya wajen Mma Azumi ya ce ita ce uwa, ta faɗi nata.

"Malam, ni ban san ƙarfe ba," ta ce. "Ina so a sa ɗana a ƙasa, a yi masa salla. Amma ba na so a ɗauko shi da faɗa daga hannun mutanen da yake cin tuwonsu."

Yaya ya tashi ya shiga zaure. Ni kuma na tafi wajen Masta na ce ya cika na alminiyan. Ya tayar da injin hura iska, ya ƙara mini dalma biyu a ɗamara.

Ran Alhamis da sassafe muka tafi, ni da Masta da Kwaku da maƙwabta biyu. A wancan zamani mota ba ta sauka har bakin ruwa, a kan dutse take tsayawa a gangara da ƙafa. Ban taɓa zuwa wurin ba sai ran nan. Muna cikin kurmi ba ka ganin komai sai ganye, sai kawai itatuwa suka buɗe, na ga abin a ƙasa. Ruwa ne zagayayye kamar an ɗora faifai an zana, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, babu kogin da yake fita daga cikinsa. Hazon safiya yana kwance a kansa, masunta can nesa kamar ƙwayoyin gero. Duk baƙin cikin da nake ciki sai da na tsaya. Ni mai haƙar rijiya ne, na san wahalar fitar da ƙasa gaba ɗaya tak, ga rijiyar da ban ga iyakarta ba, an kuma gyara bakinta tsaf. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya haƙa wannan.

Dattawan ƙauyen suna zaune a gindin wata bishiya suna jiranmu. Babbansu tsoho ne siriri, Nana suke ce masa, ni kuma ya kira ni Kramo, yadda suke kiran Musulmi. Ya yi mana ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya nuna tulun ya ce ƙarfe ne. Na ce ƙarfe ne amma ba baƙi ba. Masta ya fito da maganaɗisu ya manna a adda ya kama, ya manna a tulun ya faɗi ƙasa. Dattawa suka karɓa suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, amma na ga abin bai gamsar da su ba, don ba da maganaɗisu kakanninsu suka kafa dokar ba. Aka yi ta magana har rana ta fara zafi. Can sai wata tsohuwa da take tsaye a baya ta tafi gidanta ta dawo da tukunya, irin ta Zongo, ta ƙwanƙwasa ta da zobenta, ta ƙwanƙwasa tulun. Ta ce wa Nana shekara nawa matan garin nan suna wanke irin wannan tukunya a bakin tabki, shi kuma yana cin abin da aka dafa a ciki. Aka yi 'yar dariya, ita ce ta farko tun saukarmu. Nana ya ce to.

Muka bi kayan ɗaya-ɗaya da maganaɗisu. Maɗaurai da bakin tulu duk tagulla ne, dalma kuma ba ta da laifi. Wuƙata ce aka ajiye. Na tambayi Masta ko akwai baƙin ƙarfe a cikin abin numfashin, ya ce akwai ɗan ƙarami kamar farce, a rufe, ruwa ba ya kai wa gare shi. Ya so in yi shiru, amma na gaya wa Nana. Tsohon ya dube ni ya daɗe, ya ce abin da ruwa bai taɓa ba babu ruwansa da shi. Kwaku ya fasa kwalba a kan dutse, ya naɗe gindin ɓallin da tsumma ya ba ni a madadin wuƙa. Su suka matsa bakin ruwa suka yi abin da suke yi na al'adarsu. Ni kuma na koma gefe na yi alwala na yi raka'a biyu. Ban zuba komai ba, ban sha komai ba, ban maimaita kalmar kowa ba. Wannan shi ne iyakar abin da ya faru tsakanina da tsafin Tonawa.

Aka ɗaure gungume biyu wuri ɗaya saboda nauyina da na kaya, masunta shida suka tura mu da hannu har inda suka bar alama da gora. Aka saukar da igiya da dutse a bakinta. Kwaku ya riƙe wata igiyar da aka ɗaura mini a ƙugu. Na yi bismilla na sulale.

Ruwan da ɗumi kamar na wanka. Da farko kore ne mai haske, ƙananan kifaye suna watsewa a gabana. Ina bin igiya ina sauka, koren yana ƙara duhu, har ya koma kamar hasken da ke shigowa ɗaki ta ƙyallen tufa. Babu ƙarar komai sai numfashina. A wajen gaba shida wani abu ya shafi kafaɗata, na juya na ga reshe. Na duba ƙasa sai na ga ashe a kan kurmi nake sauka. Manyan itatuwa ne a tsaye, babu ganye, babu ɓawo, fari fat kamar ƙashi, rassansu a miƙe sama, kifaye suna shiga tsakaninsu suna fita yadda tsuntsaye suke yi a itacen tudu. Na taɓa jin cewa ruwan tabkin yana hawa shekara da shekaru yana cinye gonaki da garuruwa, mutane suna matsawa sama, amma ji dabam gani dabam. Da na isa ƙasa, ƙafata ta sauka a kan wani abu mai santsi, na share laka da hannu na ga dutsen niƙa ne, da ɗansa a kai, kamar matar ta tashi ne ta je ta dawo. Kusa da shi ga duwatsun murhu uku a jere. Na durƙusa a wurin, ni kaɗai a tsakar gidan mutanen da ban san su ba, gaba goma a ƙarƙashin ruwa, ina numfashi. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta wannan lokaci ba, ban kuma taɓa jin kusancin Ubangiji irin haka ba, ko a sahun salla. Na san iska tana tafiya, amma sai da na ɗan daɗe kafin in iya miƙewa.

Ban sha wahalar samun Sule ba, masunta sun sa alamarsu daidai. Yana cikin rassan itace na uku, sama da kaina kaɗan, raga ta naɗe shi ta naɗe reshen. Ba zan kwatanta muku shi ba. Na gane shi da rigarsa, wadda Habiba ta ɗinka masa. Na yi masa sallama a zuciya na ce na zo mu tafi gida. Na hau reshen na fara yanka. Ɓallin kwalba yana yanka, amma zare ɗaya-ɗaya, abin da wuƙa za ta gama a ɗan lokaci sai ya zama aiki. Ina yi ina ji tulun yana sauƙi a bayana. Da farko ƙafafuna ne suka fara tashi daga reshen, sai na maƙale shi da cinyoyina. Can sai numfashi ya fara tauri, kamar ana tsotson ruwa ta siririn kara, wannan kuwa ita ce alamar iska ta kusa ƙarewa. A ƙa'idar da aka koya mini, a nan ya kamata in bar komai in taso a hankali. Amma injin cika tulu yana Kumasi, kuma saura igiya ɗaya, ta hannunsa. Na yanke ta.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne gawar da ta kwana uku a ruwa sama take nema. Igiyar na tsinkewa ya tashi, ni kuma hannuna yana cikin ragar da ke jikinsa. Da tulun ƙarfe ne a bayana wataƙila da nauyinsa ya rage mana gudu, ban sani ba, na sha juya wannan a raina. Wanda ke bayana kuwa taya shi ya yi. Muka wuce rassan, muka wuce kumfar numfashina, ina ganinta tana komawa ƙasa da ni. Abu ɗaya na tuna, na buɗe baki na yi ta fitar da iska. Hasken yana ƙaruwa, kore yana zama fari, sai na ji wani abu ya fashe a kunnena na hagu, duniya ta juya. Na farka a kan gungume, Kwaku yana riƙe da kaina, jini yana fita ta hancina da kunnena, duwatsun nan suna ta zagaya ni. Na tambaye shi ina Sule. Ya nuna mini ɗaya gungumen, sun riga sun lulluɓe shi da zanen ɗayansu.

Masuntan ne suka ɗauke shi a ka suka hau dutsen da shi har wajen mota, suna karɓa-karɓa, ba su bar ɗan Zongo ko ɗaya ya sa hannu ba. Ni ma sai da aka riƙe ni. Kafin la'asar muna Aboabo. Yaya Hamidu ne ya zuba masa ruwa da hannunsa, ya sa shi a likkafani, ya ja sallar, muka kai shi kafin rana ta faɗi. Da muka dawo Mma Azumi ta kama hannuna biyu ta riƙe, a nan ne ta yi kukanta.

Na yi wata guda ba na iya tafiya sai da dafa bango. Jirin ya tafi, amma kunnen bai dawo ba har yau. Likita ya ce kada in ƙara nutso, Masta ya riƙe ni a aikin tudu har ya koma garinsu. Rijiya ma daga baya na bar shiga, na koma tsayawa a baki ina nuna wa wasu. Maƙwabtan da muka tafi da su suka ba da labarin abin da suka gani a bakin ruwa, labarin ya bi baki ya canza kama, har ya zama ni ne na yanka kaza. Yaya bai taɓa faɗin ƙarya a kaina ba, amma bai ƙaryata ba. A ganinsa na sayar da kunnena don in faranta wa gunki, kuma ya kasa yafe mini wannan. Muka ci gaba da zama gida ɗaya, muna gaisawa, muna salla sahu ɗaya, amma hira ta mutu tsakaninmu. Idan na shigo zaure sai ya buɗe littafi. Haka muka yi shekara goma sha tara. Idan kun tambaye ni ko na yi daidai, ba ni da amsar da ta wuce cewa Sule yana cikin ƙasa, kuma har Kwaku ya tsufa bai taɓa shigowa Kumasi bai biyo ta gidan nan ba. Amma wa guda gare ni a duniya, kuma na yi rashinsa yana raye.

A ciwonsa na ƙarshe ni nake zama da shi bayan la'asar, don 'ya'yansa suna wajen nema. Yawanci shiru muke yi, ina yi masa fifita. Wata rana ya yi magana ban ji ba, ya kama rigata ya jawo ni kusa.

"Isaka, ban taɓa tambayarka ba," ya ce. "Me ka gani a ƙasan ruwan nan?"

Na ajiye mafici na gaya masa. Na gaya masa yadda hasken yake, da fararen itatuwa a tsaye, da kifaye a cikin rassa, da dutsen niƙa da ɗansa a kai. Idonsa a rufe yake, na zaci barci ya ɗauke shi, na yi shiru. Sai ya buɗe ido ya tambaye ni ko duwatsun murhun suna nan a jere yadda aka bar su. Na ce suna nan, guda uku. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, leɓensa yana motsi da tasbihi.

"Sake faɗa mini," ya ce. "Tun daga inda ka kama igiya."